Dirgam Ya Ce Jininsa Nasa Ne

Ƙanena ne, ciki ɗaya, ni na goye shi, don haka duk wanda zai ba ku labarin Dirgam a garin Amara bayana yake. Wasu na cewa karatu ne ya taɓa masa kai. Ni dai na san tun yana rarrafe, in aka ce masa zo, sai ya zauna.

Falsafa ya karanta a Basra. Ya dawo da digiri da buhun littattafai, aiki kuwa babu. Baffanmu Sabri ya ce zai yi wa wani babba magana a saka shi a kamfanin mai. Dirgam ya ce ya gode, ba ya son kujerar da za a ba shi don sunan kakansa. Ya je ya koyi gyaran firji, ya buɗe ɗan shago a bakin kasuwa, kusa da masu kifi. Kowane shago a layin nan da sunan dangi a allonsa. Nasa kuwa sunansa kawai ya rubuta, ya bar Albu Mizhir, sunan danginmu.

Ranar da mahaifinmu Jabbar ya ga allon, ya dawo gida yana huci. Ya ce, "Kai daga ƙwai ka fashe? Ko dabinon juji sai da wani ya tofar da ƙwallo ya tsiro."

Dirgam ya ce, "Yaba, ban ce ba ku haife ni ba. Cewa na yi ba ku mallake ni ba. Kowane mutum shi ke da kansa, ba dangi ba, ba jam'iyya ba, ba gwamnati ba. Abin da hannuna ya yi ni zan amsa. Abin da hannun wani ya yi, mai hannun ya amsa."

Haka yake har a cikin gida. Shi ke wanke kayansa, wai ba a haife ni don in yi masa wanki ba. Wata rana ya ce wa mahaifiyarmu, "Yumma, ba don dole nake son ki ba, zaɓa na yi." Ta cire takalmi ta jefe shi, ta ce, "To zaɓi wadda za ta dafa maka shinkafa yau." Da matasa suka tare hanya saboda rashin wuta, ya je, amma ya tsaya can gefe da nasa kwalin, ya ƙi bin waƙarsu. Ya ce taro ba shi da kai, ƙafafu ne kawai. Autanmu Akil, mai tuƙa keke mai ƙafa uku, shi ya raɗa masa suna Malam Ni-kaɗai. Kullum suna tsokanar juna, amma duk gidan ba wanda yake son Dirgam kamarsa.

Da zaɓe ya zo, shehun dangi ya tara maza ya faɗi lambar ɗan takarar da kowa zai dangwala wa. Ran zaɓe da la'asar ɗan Baffa Sabri, wato Falih, ya bi shago-shago da abokansa biyu yana duba yatsun mutane. Ya iske Dirgam ya sunkuya a bayan wani firji.

"Ɗan baffa, nuna mana yatsa."

Dirgam ya ɗaga. Fes yake, ba tawada.

"Ba ka ji abin da shehu ya ce ba?"

"Na ji. Shehu yana da nasa yatsan, ya yi amfani da shi."

Falih ya yi dariya, ya ce, "Tunda yatsan ba ya son tawada, bari mu yi masa launi." Biyun suka danne shi a kan teburin aiki, suka baje hannunsa na dama. Falih ya ɗauki gudumar shagon ya sauke a kan manuni. Masu kifi sun ce sun ji ƙarar ƙashin kafin su ji ihunsa. Falih ya sake saukewa. Ba wanda ya leƙo. Rigimar dangi ce, wa zai sa baki?

Dirgam ya naɗe hannun da tsumma, ya tafi ofishin 'yan sanda shi kaɗai ya kai ƙarar ɗan baffansa. Wanda ya tarar a teburi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Ku je ku sasanta a gida." Amma labarin ya riga shi isowa unguwa. A wurin danginmu, kai ƙarar ta fi fasa yatsan muni. Yaba ya daina cin abinci a faranti ɗaya da shi, ya daina yi masa magana. Yatsan ya warke a karkace, Dirgam ya koyi riƙe sukundireba da na tsakiya.

Da bazara ta yi tsanani kogi ya ja baya, manoma suka fara faɗa a kan ruwan shayar da gonaki. Falih ya yi cacar baki da wani manomi ɗan dangin Albu Tufan a bakin magudana. Ya ɗauko bindiga daga mota ya harbe shi a fuska, a gaban 'ya'yansa, ya gudu cikin fadama ya ɓuya.

Kashegari da yamma Albu Tufan suka shigo unguwarmu a motoci. Muka kwanta a ƙasa, ni da Yumma, harsasai na ratsa ƙofa suna fasa tagogi. Tankin ruwan da ke kan soro ya huje, ruwa ya dinga zuba ta matakala. Da suka tafi muka fita, muka ga sun rubuta da jan fenti a bangonmu: ana bin ku jini.

Duk namijin Albu Mizhir ya san abin yi. Wasu suka bar gari, sauran suka rataya bindiga suka daina fita ɗai-ɗai. Dirgam ya tashi da safe ya ɗauki mukullin shago.

Yaba ya tare ƙofa. Karon farko ke nan da ya yi masa magana tun zancen 'yan sanda. "Ina za ka? Ba Falih suke nema ba, ɗana. Wanda ya fi daraja suke nema, wanda in ya faɗi za mu ji zafi. Kai ne mai digiri."

"Ni ban kashe kowa ba, Yaba. Falih ɗin ma shi ya fasa mini hannu. In na ɓuya na yarda ke nan laifinsa nawa ne."

Akil ya ce, "Malam Ni-kaɗai, harsashi bai yi jami'a ba fa."

Dirgam ya yi murmushi ya raɓa su ya wuce.

Kwanaki yana buɗe shago ba abin da ya faru, har ya fara yi mana dariya. Ran nan da azahar ina tafe da kwanon abincinsa, shinkafa da miyar kuɓewa, na hango babur ya tsaya a ƙofar shagon. Mutum biyu, sun rufe fuska da rawani. Dirgam ya fito yana goge hannu, ya ɗauka masu gyara ne. Na bayan ya tambaya, "Kai ne ɗan Jabbar na Albu Mizhir?"

Na ji amsarsa da kunnena. "Ni ne Dirgam."

Harbin farko ya same shi a ciki, ya juya, na biyu ya shiga bayansa. Ya faɗi a kan wani buɗaɗɗen firji, jini na bin farin ƙarfen yana ɗiga ƙasa. Ban san lokacin da na yar da kwanon ba. Na danne cikinsa da mayafina, jinin na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, ɗumi kamar shayi. Wani mai kifi ne ya ɗauke shi a amalanken ƙanƙara ya tura har titi.

Ya rayu. Ƙafafunsa ne ba su tashi ba, likita ya ce ba za su tashi ba har abada.

Bayan an sallamo shi, shehu ya kira taro a mudif, babban zaurensa na kyauro. Wai yanzu ana bin mu jini, mu ma muna bin su. Ba a gayyaci Dirgam ba, amma ya sa Akil ya tura shi a keken guragu har tsakiyar zauren. Mu mata muna waje a jikin bango, kyauro kuwa ba ya riƙe magana.

Dirgam ya ce, "Na ji kuna shirin ɗaukar mini fansa. Ban aike ku ba. Ni aka harba, ƙafafuna ne suka mutu. Jinina nawa ne, kuma na ce kada a taɓa kowa da sunana."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Baffa Sabri ya ce a fitar da mahaukacin nan. Shehu ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan Jabbar, jinin da ke jikinka aro ne. Na ubanka ne, na kakanka ne, na kowa da ke zaune a nan ne. Da naka ne kai kaɗai, da ba a zo an zubar da shi saboda Falih ba."

"To wanda ya zubar ya yi kuskure. Ku kuma kuna so ku nuna masa daidai ya yi."

Aka tura shi waje, har keken ya kusa kifewa a bakin ƙofa.

Ba shehu ne ya tsorata ni ba, Akil ne. Tun ranar harbin ya daina dariya. Shi ke ɗaga Dirgam ya kai shi banɗaki, shi ke wanke shi, shi ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Wata safiya na shiga ɗakinsu da gurasa da madarar ɓauna, na tarar da Akil yana cusa ƙaramar bindiga a ƙugu.

Dirgam ya ce, "Ajiye ta. Na faɗa a gaban kowa, ban yarda ba."

Akil ya ce, "Ai ba don shehu zan yi ba, ba kuma don Albu Mizhir ba. Kai ka koya mini kowa shi ke da kansa. To kaina ne ya zaɓi wannan. Ni nake wanke ka kullum, ni na san abin da na gani."

"Wanda za ka harba shi ma shi ke da kansa!"

"Kai ma ai kai ke da kanka ranar nan."

Sai Dirgam ya faɗi abin da ban taɓa jin ya faɗa wa kowa ba. "Ni yayanka ne, Akil. Na hana ka. Ina da haƙƙi a kanka."

Akil ya sunkuya ya sumbaci goshinsa. Dirgam ya cafke rigarsa da hannu biyu, Akil ya fizge, ya jawo shi daga gado ya faɗo ƙasa. Dirgam ya bi shi da jan ciki har tsakar gida yana kiran sunansa. Na riƙe Akil a ƙofa, ya ture ni na bugu da bango.

Bai sami waɗanda suka yi harbin ba, bai ma san fuskarsu ba. Wani malamin firamare ya samu, Ustaz Nazim, ɗan Albu Tufan, yana buɗe ƙofar makaranta. Ya harbe shi a wuya yara na kallo. Kafin rana ta take 'yan'uwan malamin sun tare Akil a kan gada. Ba su ɓata harsashi ba. Da sanduna da ƙarafan mota suka yi. Suka jefa gawarsa a bayan kekensa suka turo mana har bakin unguwa. Da zoben hannunsa Yumma ta gane shi.

Ana zaman makokin Akil a gidanmu, Dirgam ya kira ni ya ce in tura shi unguwar Albu Tufan. Na ce ya haukace. Ya ce in ban kai shi ba zai tafi da hannunsa. Na kai shi.

Rumfar makokin malamin cike take da maza. Da suka gane shi, wani saurayi ya taso ya shure keken, Dirgam ya kife a ƙasa. Suka rufe shi da duka, ƙafa da takalmi, ni ina ihu ina kare kansa. Wani tsoho ya daka tsawa, suka ja baya. Mahaifin malamin ne.

"Wa ya aiko ka?"

Dirgam ya tofar da jini ya ce, "Ba kowa, Hajji. Ni kaɗai na zo. Ɗanka bai yi wa kowa komai ba. Na zo in ce Allah ya jiƙansa."

Tsohon ya sa aka ɗaga shi aka mayar kan keken. Mai zuba gahawa ya matso, tsohon ya karɓi ƙaramin kofin da kansa, ya tsiyayar a ƙasa a gaban Dirgam. Ya ce, "Ba za ka sha gahawata ba. Amma ba mai sake taɓa ka. 'Yata, kai shi gida."

Danginmu suka ce ya ci amanar jinin ƙanensa, shehu ya sanar cewa an cire shi daga Albu Mizhir. Daga baya manya suka shiga tsakani aka yi sulhu, Falih ya fito daga fadama, har ya yi aure. Yumma ba ta sake kallon Dirgam ido cikin ido ba. Ta ce da ya ɓuya kamar kowa, da autanta na raye. Bai taɓa yi mata musu ba.

Yanzu muna Basra, ni da shi, a ɗaki biyu bayan wata kasuwa. Yana gyara a zaune, in firjin babba ne sai a kwantar masa da shi a ƙasa. Har yanzu yana karatu, har yanzu in an ja shi da zancen siyasa zai ce ba mai mallakar wani, sai dai ya rage yawan magana. Ranar Alhamis nakan kira Yumma a waya in sa a lasifika. Ita tana ba ni labarin unguwa, shi yana gefe yana aiki yana ji, ba ya cewa komai, ita ma ba ta tambaya ko yana nan.