Littafin da Malam Yohanna Ya Bar Mini

A sanar da mutanen gabas da na yamma cewa ni, wanda tarihin Makera bai taɓa shaida shayinsa ya huce ba, yau na bar shi ya yi sanyi a kofi.

Da safen nan labari ya iske ni: Malam Yohanna ya rasu.

Shi ne malaminmu na lissafi a sakandare, can Nasarawa, shekarar da soja suka koma bariki. Ya shigo aji ya ce, "Farar hula sun karɓi ƙasa. Saura ku karɓo mini lambar nan."

Lambar da yake nufi ita ce ta zinare da duniya ke ba gwanayen lissafi duk shekara huɗu, wadda ba a ba wanda ya kai arba'in. Don haka ya buɗe littafi: sunan kowane ɗalibi, da shekarar da zai cika arba'in. Har da ni, mai cin tara bisa ɗari.

Ba ya azumi tare da mu, amma da watan ya kama sai ya mayar da darasinsa na farko da safe, wai lissafi ba ya shiga kan mai jin yunwa bayan azahar.

Ranar da na cika arba'in ya kira ni. Na gyara murya don karɓar gaisuwar girma.

"Sani, lokacinka ya ƙare. Na soke ka."

"Malam, ai dama ban nema ba."

"Shi ya sa ban yi kuka ba. Ya yara?"

Ganina da shi na ƙarshe a Gonin Gora ne, wata biyu da suka wuce, yana jiran mota a bakin titi. Ya rame. Ya ciro littafin daga jaka ya miƙo mini.

"Ƙafa ta ƙi. Akwai yara a garejina na Kamazou, duk Asabar. Kai mai jama'a ne a wayar nan taka. Nemo mini wanda zai karɓi allo."

Na ce, "An gama, Malam."

Na jefa littafin a aljihun mota. Daga ranar na yi muku rubutu kan tumatir, na yi kan ramukan titi, na yi kan tumbina. Wannan ban yi ba.

Tun safe na kasa zama. Na fita, na dawo, na sake fita na ɗauko littafin. Shafi bayan shafi, duk ya soke mu. Sai shafin ƙarshe: suna bakwai da alƙalami bai taɓa ba. A gefen wata Rahila ya rubuta: "Wannan ce. Kada a bari ta gaji."

Jibi Asabar ce, kuma yaran za su zo.

Saboda haka, duk wanda Malam ya soke alhali yana da lissafi a ka, ya yi mini magana yau. Ban ce gobe ba.

Allah ya sa ya huta, ya ba iyalinsa haƙuri. Na masallaci da na coci, ina roƙon kowa ya sa shi a addu'a.

Kotun da nake shugabanta ta same ni da laifin jinkiri, ta ci ni tarar kwalin alli ɗaya da share gareji. Allo kam ba zan taɓa ba. Ni mai tara bisa ɗari ne.