Cokali uku na sodar Gwaggo

Gara in faɗa da bakina kafin ƴan ajinmu su ƙara wa labarin gishiri: ni na zuba sodar a man gashin, cokali uku, ba wanda ya aike ni.

Gwaggo, ƙanwar Baba, tare muke zaune da ita a Arlit, sana'arta haɗa sabulun ruwa da man gashi. Tana amfani da soda, wani farin gari kamar sukari mai cin fata. A man gashi ɗan mitsitsi take sawa, na kashe tsami kawai. A kasuwa da gwangwanin tumatir ake auna shi, a ƙulle a leda ba suna ba rubutu, gefen buhun gishiri. Wannan fa a garin da kowa ke toshe hanci saboda ƙurar yuraniyom. Masu duba kaya kan zaga kasuwa, su juya gwangwanin sardin sama da ƙasa suna neman ranar lalacewa, in sun zo kan ledojin soda su sunkuyar da kai su wuce kamar sun haɗu da surukai.

Baba kuwa a sashen kiyaye haɗari na ma'adinai ya yi aiki. Ya bar aikin, aikin bai bar shi ba. Ko butar shayi za ka ɗauka sai ka sha lacca. Karatunsa ɗaya ne: "Jan allo, tsaya. Koren allo, lafiya, wuce." Na haddace wannan tun ban iya ɗaure wando ba.

Ita ma Gwaggo tana da nata gwajin. Takardun awo da aka ba su wajen koyon sana'a sun daɗe da ƙarewa, sai ta koma ga zoɓo. Ta ɗebi mai a murfi, ta ɗiga ruwan zoɓo, ta kalli launin, ta ce "uhm". Ban taɓa tambayar fassarar uhm ɗin ba.

Ranar Litinin za a ɗauke mu hoton katin jarrabawa, katin da ƴan matan aji ke miƙa wa juna suna raba maki. Abokin zamana a aji ɗan Abzin ne, gashinsa ko iska ta taɓa sai ya yi rawa. Nawa kuwa soson ƙarfe, har haƙoran matsefi biyu ya cinye. Abokin nan ne ya gaya mini man miƙar da gashi na butiki, wato na kanti, ba komai ba ne sai soda da yawa. Na ce ashe arziki na gidanmu nake yawo.

Asabar da azahar Gwaggo ta tafi suna. Na buɗe gwangwanin madarar da take ajiye sodar, na zuba cokali uku a mai, na juya. Ni ba jahili ba ne, sai da na yi gwaji. Na ɗebi man a murfin Gwaggo, na ɗiga zoɓo, ya tashi daga ja ya koma kore shar. Koren allo. Na lafta wa kaina.

Da ya fara tsikari na ce aiki ya kankama. Kafin in gama yaba kaina, ji na yi kamar an kwaso gawayin mahaƙar kwal ta Anu Araren kaf an hura a tsakar kaina. Na zaga tsakar gida da gudun da akuyarmu har yau ba ta yafe mini ba.

Maƙwabciyarmu, mutuniyar garin Tawa, ta leƙo ta katanga. "Ku shafa mai man haƙori."

Wata ta ce a matsa lemun tsami.

Baba ya ce, "Ruwa. Ruwa kaɗai." Ya zura tsohuwar safar hannunsa ta aiki, ya danne ni a kan turmi, ya karkata kaina baya don kada abin ya gangaro mini ido. Bido bayan bido, jarkokin ruwanmu, yake juyewa, ruwan da aka tara wa gida duka. "Rufe idonka, shashasha. Gashi ya tafi, ido nake ceto."

Ana cikin haka Gwaggo ta dawo. Ta dubi murfin, ta dube ni.

"Ɗan nan, kore ka gani ka shafa?"

"Baba ya ce kore lafiya."

"A ramin ma'adinai ba. A murfina kore wuta ce." Ta juya. "Yaya, ga ɗalibinka da ya fi kowa hadda."

Baba ya ce, "Sau nawa na ce ki rubuta suna a gwangwanin nan?"

"Wanda ya sayar mini ya rubuta? Masu dubawa sun tambaye shi? Kuma ɓarawon cokali rubutu zai hana shi?"

Baba ya cire safar hannunsa, ya ce in tashi mu tafi likita.

A likita aka aske abin da ya rage, aka wanke ƙunar, aka naɗe ni. Litinin na tsaya gaban mai hoto da bandeji, haka katin ya fito, ƴan mata suka sa mini suna ƙullin magani. Baba ya rubuta HAƊARI da jan fenti a gwangwanin ya sa shi saman kabad. A kasuwa har yanzu ledojin ba suna. Gashina ya dawo soson ƙarfensa, ban da wani wuri bayan kunnen hagu, faɗin murfin kwalba, wanda bai sake tsirowa ba.