Mai Fizge Mini Hula

Ni fa da boko tun aji uku na sakandare muka raba gari, amma akwai abu ɗaya na kimiyya da ko farfesa ba zai ƙure ni a kai ba. Ƴar kawuna ce ta ɗura mini shi.

Gidansu na Nassarawa GRA, irin wanda sai maigadi ya leƙo ya ƙare maka kallo kafin ya buɗe. Mu muna Gawuna. Babanta yayan mamata ne, ka ga taubasai ke nan, akwai wasa tsakaninmu. Nata wasan ɗaya ne: ina shiga za ta fizge mini hula. Ni kuwa a unguwa duk wanda ya taɓa hulata sai an raba mu.

Lokacin tana digiri na biyu, a gindin mangwaro take bitar abin da za ta faɗa wa malamanta, ni ne ɗan kallo.

"Zauna, daƙiƙi. In kai ka gane, kowa ma zai gane."

"To Malama, a juye mana."

Ta ce jikin mutum cike yake da ƙananan ma'aikata, wai furotin. In ana so wani ya kama aiki ko ya tsaya, sai a ɗora masa wani ɗan abu, fosfet. Akwai kuma masu zuwa su cire. Amma ba kan mai uwa da wabi suke yi ba, kowanne da nasa. Sai ya laluba siffar wurin, in ba nasa ba ne ya wuce. Ita aikinta ta gano yadda suke gane nasu.

Na ce, "Wato ƴan fizgen hula. Ashe danginku ne."

Ta yi dariya har takardunta suka zube, ta ce, "To in wanda ba shi ba ya cire fa?"

"Sai dambe."

"A jiki sunansa ciwo."

Da ta samu karatu a ƙasar waje, ranar tafiya na sa sabuwar ƙube, na karkata ta yadda za ta yi daɗin fizga. Falo cike da hajiyoyi da abokan kawu. Ta fito tana bin kowa da sallama. Da ta zo kaina na ɗan sunkuya. Hannunta ya ɗago, da idona na gani, sai ta dubi mutane ta gyara mayafi.

"Allah ya sada mu da alheri," in ji ta, kamar ga baƙo.

Har mota ta fice hulata na kaina.

Ina zuwa gaida kawu har yanzu. Rannan ƙanwarta ta kai hannu don ta ba ni dariya, kafin in ankara na dafe hular da hannu biyu. Yarinya ta ji kunya, ni ma haka. Na ce mata iska na ji.

In na zo wucewa ta gindin mangwaron nan dai har yau sai na ɗan sunkuya.