Babin da Baba Ya Ƙi Gamawa

Warin kafur ne ya fara fitowa da na buɗe akwatin ƙarfen Baba, mako biyu bayan mun binne shi. A ƙarƙashin rigarsa ta zuwa sujada na tarar da littattafan rubutu guda bakwai, an ɗaure su da igiyar rama. Gara ta ci gefen na farko. Na zauna a ƙasa ina riƙe da su, na daɗe ban kwance igiyar ba.

Kai mai karatu, wataƙila ba ka san ƙasar Mubi a shekarar ƙuri'a ta biyu ba. Ina da shekara tara. An ce mu zaɓa, ko mu bi Najeriya ko mu bi Kamaru. Baƙi suna yawo a mota daga ƙauye zuwa ƙauye suna rubuta sunan kowa, maza da mata. An ce akwati biyu za a ajiye, kowa ya shiga shi kaɗai. Manya sun koma hira ƙasa-ƙasa.

Ƙauyenmu a gindin dutse yake. Baba malami ne a makarantar mishan, kuma shi aka ba aikin juya Bishara daga Hausa zuwa yarenmu. Amma yaren a bakinsa ya riga ya gauraya da Hausa da Fulatanci. Don haka kowace Asabar yakan hau dutse wurin mahaifiyarsa. Kaka ba ta jin Hausa, ba ta kuma shiga addini ba. Tukwanen kakanni suna nan bayan rumbunta, tana zuba musu giya idan an yi girbi. A hannunta na tashi tun daga yaye, sai Lahadi nake sauka sujada.

Baba yakan zauna a kan falalen dutsen da ake shanya dawa ya karanta mata, ita kuwa tana ɓare gyaɗa. Idan magana ba ta zauna ba, ba ta ko ɗaga kai.

"Haka 'yan kasuwa suke magana. Sake."

Sai ta ba shi tsohuwar kalmar, ya goge ya rubuta. Haka suka yi rani biyu.

A cikin ikkilisiya kuwa ba a daina gardama a kan aikin ba. Wasu tsofaffi sun ce na Hausa ya isa, harshen da ake kiran kakanni da shi bai dace da Littafi ba. Baffa, yayan Baba, wanda yake dattijon ikkilisiya, nasa ra'ayin daban ne. Ya ce shi abin da ya fahimta, sai labarin ya shiga kowane harshe sannan Almasihu zai dawo, kuma namu da ya ɓuya a bayan duwatsu shi ne na ƙarshe. Rubuta sunayen da ake yi, da akwatunan nan biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, duk alamu ne a wurinsa. Mai bishararmu ya yi ta cewa ba a ba kowa sanin ranar ba, kuma akwai harsuna can cikin Kamaru da ba mu taɓa jin sunansu ba. Amma mutane a tsorace suke, maganar Baffa suka fi ji. Shekarar nan Baffa bai baibaye ɗakinsa ba. Irin dawar da ya ajiye ma, ya sa aka niƙa aka ci.

Saura babi ɗaya a gama, sai Baba ya daina hawa dutse da littafi. Ya ce idonsa ke ciwo. Aka yi ƙuri'a aka gama, zafin bazara ya shigo, bai taɓa alƙalami ba.

Wata Lahadi bayan sujada, a gindin tsamiya, Baffa ya tare shi a gaban jama'a.

"Wane ido? Jiya na gan ka kana cire wa akuya ƙaya a ƙafa."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba.

"Ka bar Ubangiji tsaye a ƙofa, mu kuma muna nan muna jira."

Baba ya dubi ƙasa. "Yaya, Inna fa? Kai ma mahaifiyarka ce."

"Shekara goma ina yi mata wa'azi," in ji Baffa. Ya juya ya tafi.

A nan na gane. Baba yana tsoron in ya rubuta layin ƙarshe, Almasihu zai zo ya raba mutane biyu, mu a gefe ɗaya, Kaka a ɗaya gefen. Na hau dutse ina kuka. Da ta matsa mini, na faɗa mata duka. Ba ta daina tuƙa tuwo ba. Ta ce in wanke hannu in ci.

Washegari da safe ta ɗauki sandarta. Ta yi shekaru ba ta sauka gindin dutse ba. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta gabas, iska ta tsaya, ko ganye ba ya motsi. Ta shiga gidan Baba ta kife turmi ta zauna.

"Ɗauko takardarka."

"Inna, idona..."

"Ni na haifi idon. Ɗauko."

Ya karanta. Ta gyara masa wuri uku, kamar kullum. Da ya zo layin ƙarshe ya tsaya, alƙalami a hannu.

Ta ce, "Mutumin nan naka, na ji labarinsa tun daga farko. Ya sha wuya a hannun mutane. Ba za a bar shi tsaye a waje saboda ni ba. Rubuta. In ya zo, ka gaya masa ni na ba ka kalmomin."

Ya rubuta.

Kwana uku ba wanda ya yi nisa da gida. Baffa ya sa farar riga ya zauna a ƙofarsa yana kallon gabas. Rana ta huɗu da azahar gari ya yi duhu, iska ta taso, aka yi wata tsawa da ta sa mata suka faɗi a gwiwa. Na ƙanƙame zanin Kaka da hannu biyu, don duk inda za a kai ta a tafi da ni.

Ruwa ne. Ruwan farko na damina. Ɗakin Baffa ya yi yoyo har ƙasa, kuma da lokacin shuka ya yi Baba ya aika masa da ƙwaryar iri.

Kaka ta rasu bayan damina biyu, a kan dutse, ba ta yi baftisma ba. An binne ta yadda ake binne mutanen da. Littattafan nan ba a taɓa buga su ba. Waɗanda aka buga daga baya na wasu ne. Baba bai sake ta da zancen ba har ya tsufa.

Da na kwance igiyar, na bakwai na fara buɗewa. A ƙasan layin ƙarshe akwai wani rubutu da biro, irin rubutunsa na 'yan shekarun nan. Cikin yarenmu ya rubuta: Uwata ce ta ba ni kalmomin.

Jikokina a Nassarawo suna addu'a da Hausa da Turanci. Babu mai iya karanta shafi ɗaya a cikin waɗannan littattafan. Na karanta babin a fili ni kaɗai a ɗaki, harshena yana tuntuɓe, ina jiran a ce mini in sake. Ba mai cewa.

Baba ya tafi da saƙon. Ban san amsar da aka ba shi ba.