Farfesun Da Ya Kusa Raba Ni Da Mota

Ko tsufa ya cinye mini hankali, ba na jin zan manta da ciwon ƙafar da ya kwantar da ni a Sabha, can ƙasar Larabawa inda na je neman kuɗi. Lokacin ina tuƙa motar wani Balarabe mai gona a garin Samnu, ina kwaso kayan lambu zuwa kasuwa. Bayan Babbar Sallah ne, an sha nama har an gode Allah. Ni kuwa in dai hanta ce da ƙoda, ba na ɗaga wa kowa ƙafa. Kawai na wayi gari babban yatsan ƙafata ta hagu ya kumbura ya yi jawur, ko zanen rufa ya taɓa shi sai na yi ihu. Kuma da wannan ƙafar nake taka kuloci.

Maigidana, wanda muke kira mudir, ya zo dubiya. Mutumin kirki ne, amma bai ɓoye mini ba: kankana ta kusa nuna, in ban miƙe ba zai ba wani makulli. Ga shi kuwa da motar nan nake riƙe da iyalina a Maigatari.

To, a unguwar Tayuri inda mu 'yan ci-rani muke zaune, ba a barin marar lafiya shi kaɗai. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce wani abu na taka. Aka kawo mai ɗori ya ja yatsan, wallahi sai da na zagi bawan Allah. Sai kuma abinci. Al'adarmu ce a yi wa majinyaci farfesu don ya yi ƙarfi, kuma akwai wani dattijo, shugabanmu na unguwa da kowa ke kira Baba, wanda kullum shi da kansa yake dogaro sandarsa ya ɗingiso mini kwanon farfesun kayan ciki. Ina sha ina sa albarka, ƙafa tana ƙara hawa.

Da abin ya ishe ni na je asibiti. Na dace da wani likita Basudane mai jin Hausar kakanninsa. Ya duba yatsan, ya sa aka ɗebi jini, sannan ya tambaye ni me nake ci. Na lissafa masa cikin alfahari. Ya riƙe kai.

"Malam, kashe kanka kake yi da daɗi," in ji shi. Ya ce sunan ciwon niƙris. Wani sinadari ne ke yawa a jini, ya taru a gaɓa ya daskare kamar allurai. Hanta, ƙoda, jan nama, kifin gwangwani da lemon kwalba duk suna ƙara shi, haka ma rashin shan ruwa. Nan ya kama ni, don mu direbobi ƙin shan ruwa muke yi kada mu riƙa tsayawa a hanya. Ya ba ni maganin kumburi, da wani na kullum da ya ce kada in kuskura in bari don na ji sauƙi.

Shan magani bai ba ni wuya ba. Abin da ya dame ni shi ne kwanon Baba. Ina ni ina mayar wa dattijo abincin da ya kawo da hannunsa? Washegari ya shigo da sallama ya ajiye, ƙamshi ya cika ɗaki, yawuna ya tsinke. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ka yi mini aikin gafara. Likita ya ce wannan ne ke hura ciwon."

Ya nemi wuri ya zauna. Can sai ya zare takalminsa. Yatsansa ya karkace, ga wani ƙulli a gefe. "Yaro, shekara da shekaru nake fama, ana ce mini sanyi ne," ya ce. "Maimaita mini abin da ya faɗa maka."

Na maimaita masa, kuma tare muka koma asibitin. Ni dai na rungumi jarkar ruwa da tuwo da ganye, kumburi ya saɓe. Ranar da aka fara yankan kankana ni na ɗauki lodin farko. Daidai garin Tamanhint da ke kan hanya na taka kuloci da dukan ƙarfina, ban ji ko ɗigon zafi ba. Na yi kabbara ni kaɗai a mota, daɗi kamar ya kashe ni! Da na dawo da yamma na hango Baba yana tafe masallaci ba sanda, yana yi wa matasa faɗan su ɗaga ƙafa.

Tun ranar na gane cewa mai ƙaunarka zai iya cutar da kai bai sani ba, kuma kunyar faɗa masa gaskiya ba ladabi ba ce. Da na yi shiru na shanye farfesun nan, da mu biyu muka gurgunce.