“Jikin Ya Ɗan Matsa, Ki Taho da Babba”

Wata rana na shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Kano.

A baya mu uku ne. Ni, da wata yarinya mai jego rungume da jaririya, sai wata dattijuwa da take kira Gwaggo.

Kun san ni da shiga sabgar mutane. Kafin mota ta cika na gama jin labarin mai jegon.

Gida ta zo wanka, ko arba'in ba ta yi ba. Mijinta soja ne. Da safe yayansa Lurwanu ya kira daga Kano, ya ce an dawo da shi daga bakin aiki ba lafiya.

Ta ce, "Cewa ya yi jikin ya ɗan matsa, kada in taho ni kaɗai, in zo da babba."

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Ta ce amin, har da ɗan murmushinta.

Gwaggo ba ta ce amin ba.

Carbi kawai take ja, ta kafe gilashin mota da ido. Nan na fara zargin wani abu.

Waɗanda suka cika motar wasu maza biyu ne, abokan juna, suka matsu a kujerar gaba kusa da direba. Malam Jazuli da Malam Sagir, haka na ji suna kiran juna. Su ne suka shigo ƙarshe, don haka ba su ji komai ba.

Ko ƙofa ba su gama rufewa ba suka ɗora musunsu daga inda suka ajiye shi.

A kan me? A kan fim, jama'a!

Wani tsohon fim ne na Turawan Ingila, baƙi da fari, na zamanin yaƙin duniya na biyu. Wai wata yarinya ce mai gasa burodi a Landan ta auri sojan ruwa ana gobe jirginsu zai tashi. Shi ya tafi teku, ita tana gida tana jira, ana ta ruwan bama-bamai.

Malam Jazuli ya mutu a kan fim ɗin. Ya ce babu rawa, babu waƙa, babu guje-guje a cikin furanni, amma ya ga soyayya. Ya ce akwai inda matar take rufe tagogi da baƙin ƙyalle don kada jiragen yaƙi su hango haske, amma sai ta bar 'yar kafa tana leƙen hanya. Wai nan sai da ya share ƙwalla.

Malam Sagir ya ja tsaki. Ya ce fim ne mai jan jiki, rabinsa shan shayi ne da kallon taga. Ya ce kakansa har ƙasar Bama ya je, can Asiya, ya yi wa mutanen nan yaƙi, amma ko baƙin mutum ɗaya ba su nuna ba, ko da mai ɗaukar kaya.

Malam Jazuli ya ce, "To, a nan kam ka yi gaskiya."

Na ce a raina, madalla, an gama.

Ina! Ashe yanzu aka fara.

Mai jego kuwa tun da ta ji an ambaci matar soja ta kasa kunne. Har matsowa ta yi gaba kaɗan.

Mun wuce Malumfashi suka iso ƙarshen fim ɗin. Wai wani hafsa ne ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya cire hularsa, a tsaye a bakin ƙofa ya ce wa matar mijinta ya mutu.

Malam Jazuli ya ce wurin nan ya fi ko'ina kyau. An faɗa mata gaskiya, an hutar da ita daga zullumi.

Malam Sagir ya ce, "Kyau? Wannan ai rashin imani ne tsagwaronsa! Ka jefa wa mace mutuwa a tsaye, ita kaɗai, ba uwa ba gwaggo? Mu nan ba haka muke yi ba."

Wayyo Allah. Na gane inda ya dosa.

Na yi tari. Bai ji ba.

Na zunguri bayan kujerarsa da gwiwa. Ya gyara zama ya ce in yi haƙuri.

Na ce direba ya kunna mana rediyo. Ya ce ta lalace tun bara.

Na zaro gyaɗa a jaka na miƙa gaba, ko bakinsa zai samu aikin yi. Bawan Allah ya karɓa, ya yi godiya, yana ɓarewa yana magana.

Ya ce, "Mu muna da tausayi. Ba a faɗar mutuwa a waya. Sai dai a ce maka jikin ya ɗan matsa, ka taho. In mace ce a ce kada ta zo ita kaɗai, ta zo da babba. Ai duk mai hankali in ya ji haka ya san an riga an gama, ana lallaɓa shi ne kawai ya iso."



Carbin Gwaggo ya tsaya.

Yarinyar ba ta yi ihu ba. A hankali ta juya.

"Gwaggo, da kika karɓi wayar kika fita tsakar gida, me Yaya Lurwanu ya ce miki?"

"Cewa ya yi mu taho, 'yar nan."

"Yana da rai?"

"Ki yi ta salati."

"Gwaggo, ba haka na tambaye ki ba."

Gwaggo ta ja gefen mayafi ta rufe fuskarta.

Sai a lokacin mazan suka waiwayo. Malam Sagir ya dubi jaririyar, ya dubi uwar, gyaɗar ta zube masa a cinya. Ya fara kame-kame, wai ba kullum ba ne, wai wani lokaci da gaske ciwon ne kawai.

Ni da na so in wanke shi tas, tausayinsa na ji. Bai yi don mugunta ba. Bai sani ba ne.

Mai jegon ta ciro waya. Ta kira layin mijin, a kashe. Ta kira yayan, ya yi ta ƙara har ya katse. Ta sake kira. Ba a ɗauka ba.

Ta ce, kamar da kanta take magana, "Bai ma ga yarinyar nan ba fa. Ranar suna ba a ba shi hutu ba."



Can ta ɗan taɓa kafaɗar direba.

"Malam, don Allah ka rage gudu. In dai ban isa ba, ai ba a faɗa min ba."

Direba ya ɗaga ƙafa. Daga Gwarzo har Kano haka muka tafi a hankali, manyan motoci suna wuce mu suna danna mana oda. Ba wanda ya ce yana sauri.

Ni addu'a nake ta yi a zuciyata, Allah ka ƙaryata mutumin nan, Allah ka sa ciwon ne kawai.

Da muka shiga gari direba bai nufi tasha ba. Ya tambayi Gwaggo unguwa, ya kai su har bakin layi.

Tun daga nesa muka hango rumfa a ƙofar wani gida. An shimfiɗa tabarmi, maza zazzaune, takalma jere a gefe.

Mai jegon ta duba, ta daɗe tana dubawa.

Sannan ta ce, "Gwaggo, karɓar min ita. Hannuna ba ƙarfi."

Darasi:

Motar haya ba zauren gidanku ba ne. Kai kana musun fim don ka kashe hanya, na bayanka ƙila abin da kake faɗa shi yake tafiya ya tarar. Ban san wa ya fi gaskiya ba tsakanin mai faɗa a tsaye da mai lallaɓawa. Na dai san dattijuwar nan tun safe take haɗiye kuka don ta kai yarinya gaban danginta kafin ta ji, bakin mutum ɗaya ya rushe mata komai a kan titi.

Kafin ka nuna ka san abu, waiwaya ka ga wa ke zaune a bayanka.

Allah ya jiƙansa, ya ba ta haƙuri, ya raya marainiyar.

Ku tura wa wannan abokin naku da ba ya iya shiru a mota. Kun san shi ai.