Amsar da ke rataye a kan gonata

Jiya a kwalekwale na je gonata ta shinkafa a Tunuga. E, a kwalekwale. Kogi ya shanye komai, ko zangarniya ɗaya ban gani ba.

Baba Hamidu masunci, maƙwabcinmu a Gaya, shi ya tuƙa ni. Ina ta kuka, sai ya nuna itacen da ke bakin gonar, ya ce, "Maryama, ɗaga kai."

Sheƙunan tsuntsayen nan masu saƙa ne, reras can ƙololuwa.

Ya ce, "Duk shekarar da suka yi gida can sama haka, ba mu dasawa a gangare. Sun san inda ruwa zai kai."

Na ce, "Baba, a gindin itacen nan nake durƙusawa kullum, ina roƙon Yesu ya nuna mini in dasa ko in bari."

Sai ya ce, "Ƴata, ido a rufe kike roƙon?"

A rufe mana. Haka aka koya mana tun muna yara a majami'a.

Tun rasuwar maigidana, gonar nan ke ciyar da ƴaƴana uku. Ko fushi da Ubangiji na kasa yi, don ya amsa mini, ni ce ban duba ba. Yau Lahadi, na kasa zuwa sujada.

Ƴan'uwa cikin Almasihu, ku gaya mini: wadda aka ba amsa ba ta gani ba, da wane baki za ta sake roƙo?